Agola a Kudu: Uba Ne Zai Biya Kuɗin Ciyarwa Ko Mijin Uwa?

Duk wanda ya taɓa zama a fadar Sarkin Hausawa ranar da ake sauraron rigimar iyali, a Agege ne ko Sabon Ibadan ko Shagamu, ya san irin wannan ƙarar. Mace ta fito daga gidan miji da 'ya'ya biyu, ta gama idda, ta yi wani aure. Tsohon mijin ya tattara ya koma Arewa, ko kuma yana nan cikin gari amma ya ɗauke ƙafa. Sabon mijin ya karɓi yaran hannu bibbiyu da farko. Da tafiya ta yi tafiya, kuɗin makaranta ya zo, mai gidan haya ya yi ƙari, sai ya ce shi fa uwar ya aura, bai auri 'ya'yan ba. Uwar ta kira uban a waya, shi kuma ya ce tunda kin kai su gidan wani, wanda yake aikensu shi zai ciyar da su. Ana cikin wannan jayayyar an koro yaran daga makaranta.

Matsalar tsohuwa ce, amma shekarun nan sun ƙara mata zafi. Tun daga 1 ga Yuni 2022 da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ta kuma ƙara wasu huɗu a watan Satumba na shekarar, magidanta da yawa suka rasa abin yi, wasu suka bar garin. A 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mutumin da a da yake ciyar da agola ba tare da ya ji a jikinsa ba, yanzu kowane kwanon abinci sai ya ƙirga shi. Shi ya sa tambayar da ake jin kunyar yi a da ta fito fili: a doka, wa ke da nauyin wannan yaro?

Amsar a taƙaice ita ce uba. Haka shari'ar Musulunci ta ce, haka dokar ƙasa ta ce. Sai dai a nan Kudu akwai wuraren da dokar ƙasa take iya riƙo mijin uwa, kuma yawancinmu ba mu san da su ba sai an je gaban alƙali.

Abin da fiƙihu ya ce

A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce Hausawa suka tashi a kai kuma ita kotunan shari'a na Arewa suke hukunci da ita, ciyar da yaro da tufatar da shi da ba shi wurin kwana wajibi ne a kan mahaifinsa. Namiji har ya balaga yana da lafiyar neman na kansa, mace har ta yi aure ta tare. Wannan yana cikin Risala da Muhtasar da ake karantawa a zaurukanmu, kuma asalinsa aya ta 233 ce ta Suratul Baƙara. Saki ba ya sauke wannan nauyi. Auren da uwar ta sake yi ma ba ya sauke shi.

Malikiyya ta ƙuntata waɗanda ciyarwa ta wajaba a kansu fiye da sauran mazhabobi. Mutum zai ciyar da matarsa, da 'ya'yan cikinsa, da iyayensa idan matalauta ne. Kaka ba a tilasta masa ciyar da jika, ɗan uwa ba a tilasta masa ciyar da ɗan uwa, uwa ma ba a tilasta mata ko da tana da hali. To idan kakan yaro bai shiga wannan lissafi ba, ina ga mijin uwa. Abin da ya kashe a kan agola alheri ne da sadaka, kuma yana da babban abin koyi: Umar ɗan Abu Salama da ƙanwarsa Zainab a gidan Manzon Allah (SAW) suka tashi bayan ya auri mahaifiyarsu Ummu Salama.

Inda mutanenmu suke yawan ruɗewa shi ne wajen haɗa riƙo da ciyarwa. Gaskiya ne idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, haƙƙinta na riƙo yana iya faɗuwa. Amma ba uba ne na gaba a layi ba, kakar yaron ta wajen uwa ce, sannan sauran mata na dangin uwa. Kuma wanda riƙon ya koma kansa, idan ya san ta yi aure ya yi shiru har shekara ta zagayo, ya bar wa uwar ke nan. Ko a hannun wa yaron yake, uba ne zai aika da kuɗin. Saboda haka maganar "ki dawo min da 'ya'yana ko in daina turo komai" ba ta da gindin zama a fiƙihu.

Akwai wasu hukunce-hukunce biyu da ya kamata kowace uwa da kowane mijin uwa su riƙe. Na farko, kuɗin ciyar da yaro na watannin da suka wuce yana faɗuwa daga kan uba idan ba alƙali ne ya yanka shi ba, sai fa idan wani ya ciyar da yaron da niyyar a biya shi. Wato uwar da ta yi shiru shekara biyar don kawaici, ba lallai ne ta samu kuɗin shekara biyar ɗin ba ranar da ta tashi nema. Na biyu, mijin uwar da ya ciyar da agola alhali uban yana da hali, kuma tun farko ya yi ne da niyyar a mayar masa, yana da damar bin uban bashi, bayan ya rantse cewa ba kyauta ya yi ba. Wanda ya yi don Allah tun farko ba zai dawo daga baya ya mayar da shi bashi ba saboda an ɓata.

Sannan ga maganar alkawari. Maza da yawa lokacin neman bazawara sukan ce "'ya'yanki 'ya'yana ne, ki taho da su." Suna ɗauka maganar zawarci ce kawai. Malaman Malikiyya ba su ɗauke ta da wasa ba. Wanda ya ɗaukar wa kansa ciyar da ɗan matarsa da son ransa, misali muddin auren yana nan, sun ce abin ya lizimce shi. Malam Haɗɗabi ya rubuta littafi sukutum a kan irin waɗannan alkawura. Dokar iyali ta ƙasar Maroko ta 2004, wadda aka gina a kan Malikiyya, ta sanya wannan hukunci a sashe na 205. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wanda ya furta alkawari gaban shaidu ya san za a tuna masa.

Inda dokar ƙasa take riƙo mijin uwa

Wuri na farko shi ne kundin laifuffuka na Kiriminal Kod da jihohin Kudu suka gada, wanda shi ne takwaran Final Kod na Arewa. Sashe na 301 ya ɗora wa duk mai gida da yake riƙe da yaro ɗan ƙasa da shekara 14 a cikin iyalinsa nauyin samar masa da abubuwan da rayuwa ba ta yiwuwa sai da su. Sashen bai tambayi wanda ya haifi yaron ba. Abin da ya duba shi ne wa ke shugabantar gidan, kuma yaron yana cikin gidan ko ba ya ciki. Sashe na 339 ya tanadi ɗaurin shekara uku ga wanda ya ƙi sauke irin wannan nauyi ba tare da uzuri ba, har ran wanda yake riƙo ko lafiyarsa ta shiga haɗari. Sashe na 372 kuma ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya ga uba ko mai riƙo da ya gudu ya bar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba tare da abin dogaro ba, alhali yana da halin kula da shi. Legas ta yi nata kundin daban a 2011, don haka lambobin sassan a can ba ɗaya ba ne da waɗannan.

Ma'anar wannan a aikace: mijin uwa yana iya cewa ba zai karɓi yaro a gidansa ba tun farko. Amma idan ya karɓe shi, yaron yana kwana a ɗakinsa, ba zai raba tukunya ya bar shi da yunwa ba, ko ya ƙi kai shi asibiti yana ciwo don a matsa wa uban. Idan wani abu ya sami yaron, kalmar "ba ɗana ba ne" ba za ta fitar da shi ba a hannun 'yan sanda.

Wuri na biyu ya shafi masu auren rajista. Wasu 'yan uwanmu sukan je Rajistar Aure ta Ikoyi ko ta ƙaramar hukuma bayan an shafa fatiha, saboda biza, ko wurin aiki, ko don dangin amarya Yarbawa ko Ibo sun nemi a yi. Haka kuma Kiristoci masu jin Hausa da aka ɗaura musu aure a cocin da ke da lasisi. Duk waɗannan sun shiga ƙarƙashin Dokar Shari'o'in Aure ta 1970, wadda aka ɗauko tsarinta daga dokar Ostireliya ta 1959. Babbar Kotun Jiha ce kaɗai take raba irin wannan aure.

Sashe na 69 na dokar ya fassara "'ya'yan aure" da faɗi. Bayan waɗanda ma'auratan suka haifa tare, ya haɗa da ɗan miji ko ɗan mata daga wani wuri, muddin yaron yana zaune a gidan a matsayin ɗan gida gab da lokacin da ma'auratan suka daina zama tare. Sashe na 70 ya ba kotu ikon yanka kuɗin kula da waɗannan 'ya'ya, bayan ta duba abin hannun kowane ɓangare, da abin da yake iya samu, da halin da ya nuna, da sauran abin da ya shafi shari'ar. Ikon yana tafiya har yaro ya kai shekara 21, kuma yana iya wuce nan idan akwai dalili na musamman.

A nan ne agola yake iya zama nauyin mijin uwa ko bayan an rabu. Ba wai dole kotu ta yanka masa ba. Idan uban yaron yana raye kuma yana da hali, wannan babbar hujja ce da lauyan mijin uwa zai kafa. Amma ƙofar a buɗe take. Kuma dokar ba ta ware maza ba: matar da ke da albashi mai kauri, wadda ɗan mijinta ya tashi a gidansu, ita ma sashen yana iya hawa kanta. Shi wannan sashe na 69 ya faɗa ƙarara cewa bai shafi auren da aka ɗaura bisa Musulunci ko al'ada ba. Don haka wanda aurensa na fatiha ne zalla, wannan dokar ba ta taɓa shi.

Wuri na uku shi ne Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohin Kudu suka amince da ita, Legas ta yi tata a 2007. A wannan doka yaro shi ne duk wanda bai kai shekara 18 ba. Sashe na 14 ya ce yaro yana da haƙƙin kulawa daga iyayensa ko masu riƙonsa gwargwadon ƙarfinsu, kuma yana iya neman wannan haƙƙi a Kotun Iyali. Wannan ita ce babbar sandar da za a bi uba da ita, ko da wane irin aure aka yi, ko ma ba a yi auren ba. A lura ta ce iyaye, wato uwa mai hali ma tana ciki, saɓanin abin da Malikiyya ta ce. Mijin uwar da ya je kotu ya karɓi takardar riƙo, ko ya mayar da yaron ɗansa ta hanyar doka, ya shigar da kansa cikin wannan nauyi.

Akwai wani ganganci da ake yi a unguwanninmu da ya kamata a daina. Don gudun dogon bayani, sai mijin uwa ya rubuta sunansa a matsayin uba a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, ko a fom ɗin makaranta, ko wajen yin katin ɗan ƙasa. Addini ya hana jingina yaro ga wanda ba ubansa ba, kamar yadda ya zo a farkon Suratul Ahzab. Ta fuskar doka kuma mutum ya ba da hujja a kan kansa da hannunsa, ya kuma sauƙaƙa wa uban gaskiya hanyar zillewa.

Ina za a kai ƙara?

Nan ne wahalar zaman Kudu take fitowa. A Kano ko Zariya uwa za ta shiga kotun shari'a ta unguwarsu, a kira uba, a yanka masa na wata-wata. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 275, ya ba kowace jiha damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a idan tana buƙata, amma babu jihar Kudu da ta kafa. Abin da ake da shi su ne kwamitocin shari'a masu zaman kansu, irin waɗanda suke zama a Legas da Ibadan tun 2002. Suna sulhu, suna faɗin hukunci, amma ba su da ikon tilasta wa wanda ya ƙi zuwa. Mun ga hayaniyar da ta tashi a ƙarshen 2024 da farkon 2025 kan irin waɗannan kwamitoci a garin Oyo da Ado Ekiti, inda aka ɗage ƙaddamar da na Oyo, a Ekiti kuma sarkin gari ya ce a rushe. An yi ta musu a kan siyasa da addini, alhali yawancin abin da ake kaiwa gaban kwamitocin rigimar aure ce da gado da ciyar da yara.

Fadar Sarkin Hausawa da zauren liman su ma ƙarfinsu kunya ce da mutunci. Suna aiki sosai idan uban yana kasuwar Mile 12 ko Shasha, inda shugaban kasuwa zai iya kiransa ya zaunar da shi. Ranar da ya hau mota ya wuce Jega ko Haɗeja, hannun fada ba ya kai wa can.

Hanyoyin da ke da haƙori su ne Kotun Iyali, wadda ke zama a matakin majistare da na Babbar Kotu, da kuma kotunan gargajiya irin ta Mapo a Ibadan, waɗanda suke raba aure suna yanka wa uba kuɗin ciyarwa. Kafin a kai nan akwai ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, inda ake kiran uba a rubuta yarjejeniya. A Legas akwai Ofishin Lauyan Talakawa da Cibiyar Sulhu ta gwamnatin jiha, duka kyauta. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta ƙasa suna da ofisoshi a jihohi. Hukuncin kotun wata jiha ana iya yi masa rajista a wata jihar a zartar da shi, sai dai yana cin lokaci da kuɗin mota. Wani lokaci abin da ya fi sauƙi shi ne a shigar da ƙarar a kotun shari'a ta garin da uban ya koma, ta hannun wakili. Uban da ya watsar da iyalinsa ya kuma sani cewa dokar VAPP ta 2015, wadda jihohin Kudu da dama suka yi irin tasu, ta mayar da hakan laifi. A dokar tarayya hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun.

Wasu za su ce kai uban 'ya'ya kotun gwamnati tonon asiri ne, kuma alƙalin da bai san fiƙihu ba zai iya yanke abin da ya saɓa wa addini. Damuwar tana da tushe, musamman a maganar riƙo da gado. Amma a maganar ciyarwa dokokin biyu wuri ɗaya suka nufa. Alƙalin Kotun Iyali da ya ce uba ya biya kuɗin abinci da makaranta bai faɗi abin da Risala ba ta faɗa ba.

Idan uban ya rasu fa?

Maraya idan an bar masa dukiya, daga cikinta za a ciyar da shi, kuma mai riƙon dukiyar amana ce a hannunsa. Idan babu, nauyin ya koma kan jama'ar Musulmi, kuma a nan ne asusun masallaci da zakkar 'yan kasuwarmu ya kamata su shigo. Agola ba ya gadon mijin uwarsa. Wanda ya rene shi har ya shaƙu da shi kuma yana son ya bar masa wani abu, yana da hanyar kyauta tun yana raye, ko wasiyya da ba ta wuce sulusin dukiya ba. Ita ma matar uba haka abin yake: fiƙihu bai wajabta mata ciyar da ɗan mijinta daga aljihunta ba. Mijin da ya ajiye mata 'ya'yan wata ya tafi ci-rani wata shida ba tare da ya bar isasshen cefane ba, shi ne mai laifi, ko da yake ita ake zagi a unguwa.

Abin yi kafin a shafa fatiha

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk auren bazawara mai 'ya'ya, ya kamata waliyyai su zaunar da magana uku kafin ranar ɗaurin aure: a ina yaran za su zauna, nawa uban zai riƙa turowa kuma yaushe, sannan me sabon mijin ya ɗauka da bakinsa. Idan abinci da wurin kwana ya ɗauka ban da makaranta da asibiti, a rubuta haka. Idan rance yake yi wa uban, a rubuta haka gaban shaidu biyu. A bar wa liman ya tsara lafazin, domin malamai sun fi son irin wannan alkawari ya zama na ganin dama a takarda daban, kada a cusa shi cikin sigar aure.

Kuɗin da uba yake turowa ya bi ta banki ko POS a ajiye rasit, don kada gobe a yi musu. Uwa kada ta bari shekaru su taru tana kawaici. Wanda zai je rajista da matar da ke da 'ya'ya ya fara ganin lauya. Fadojin sarakunanmu da kwamitocin masallatai kuma za su taimaka ƙwarai idan suka buɗe littafi na musamman da ake rubuta irin waɗannan yarjejeniyoyi, da sa hannun uba da lambar wani ɗan uwansa a gida Arewa.

Mijin uwar da ya riƙe agola da amana ya cancanci godiya, kuma bai kamata alherinsa ya zama dalilin da uba zai kwanta ya yi barci ba. Uban da ke da kuɗin sabon aure da sabuwar waya yana da kuɗin buhun masara da na makarantar ɗansa. Idan an tashi neman haƙƙin yaro, ƙofarsa za a fara bugawa. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.